Yadda Na Kai Ruwan Bunkure Kumasi

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A masallaci, a teburin mai shayi, har a bakin kanal ina ban-ruwa sai wani ya tsayar da babur ya ce, "Nasiru, wai da gaske a saman motar tumatir ka tafi Gana?" Wasu na cewa korata aka yi daga jami'a, wasu na cewa kyautar mota na ciyo na sayar a hanya. Duk ba haka ba ne. Bari in faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe, a bar ni in yi aikina.

Ni ba da ƙuruciya na shiga jami'a ba. Sai da na yi aure, muka haifi 'ya, na yi shekaru ina koyar da lissafi a Islamiyyar mahaifina a ƙauyenmu da ke ƙasar Bunkure, sannan na samu gurbin karatun kimiyyar kwamfuta a Kano. 'Yan ajinmu Baba suke ce mini. Kwas ɗin algoridim, wato ilimin tsara matakan da kwamfuta za ta bi ta warware matsala, sau biyu na rubuta shi kafin na haye, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Gonarmu tana can ƙarshen reshen kanal. Duk wanda ya taɓa noman rani a nan ya san abin da wannan ke nufi. Ranar da aka sako ruwa, na gaba za su sha su ƙoshi har ya malala kan hanya, mu na wutsiya mu tsaya da fartanya muna kallon laka. A aji an koya mana wani salon algoridim da ake kira mai haɗama: a kowane mataki ka kwashi mafi yawan abin da hannunka ya kai, kada ka dubi na baya. Ranar da malamin ya zana shi a allo na ce a raina, ai wannan masu gonar bakin ƙofa ne. Don haka da aka zo zaɓen aikin kammala karatu, sai na ce ni rabon ruwa zan yi. Na zana kanal ɗinmu kamar bishiya, babban kanal shi ne gangar jiki, ƙananan su ne rassa, gonaki su ne ganye. Na rubuta manhajar da za ta jera gonaki a layi, wadda ta fi ƙishi ta zo gaba, ko da kuwa ita ce ta ƙarshe a kan reshe.

Da na gabatar wa kwamitin sashenmu, shugaban sashen, Dakta Mustafa, ko shafi na biyu bai buɗe ba. Ya cire tabarau ya ce, "Malam Nasiru, wannan ba kimiyyar kwamfuta ba ce, ƙorafin manoma ne. Ka je ka yi manhajar ajiye sakamakon ɗalibai kamar kowa, ka gama ka koma wajen iyalinka." Yaran da ke bayan ɗakin suka yi dariya. Na tattara takarduna na fita, amma ban canza ko kalma ɗaya ba.

Ana nan sai na ga sanarwar wani taron ɗalibai da wata jami'a a Kumasi za ta yi, inda masu karatun kwamfuta da lissafi da injiniya daga ƙasashen yankinmu za su nuna ayyukansu. Na aika musu taƙaitaccen bayani. Suka amsa cewa in zo. Na koma ofishin Dakta da murnata, ya ce sashe ba zai tura aikin da bai amince da shi ba, ba zai kuma rubuta mini takardar shaida ba. Ya ƙara da cewa a makon taron ne za a yi gwajin kwas ɗin tarihi, wanda dole ne ga kowane ɗalibi, kuma ni ma ban riga na haye shi ba.

"In ka tafi, da ƙafarka ka tafi," in ji shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, dama da ita zan tafi."

Mahaifina bai ce in je ba, bai ce kada in je ba. Yana gyara alƙalamin kara ya ce, "Ka san hanya?" Na ce Kawu Lawan zai kai tumatir Legas. Ya ce, "To, ka riƙe sallarka." Matata Rabi ta yi mini dambun nama da ƙuli-ƙuli, ta naɗe laftof ɗina a cikin darduma, ta sa a leda biyu.

Kawu Lawan ƙanin mahaifiyata ne, ya tsufa a fataucin kayan gwari. A kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan muka yi lodi. Gaban mota ya cika da direba da Kawu da wani mai kaya, don haka aka shimfiɗa mini katako a saman kwanduna, na zauna na rungume jakata. Wanda bai taɓa hawa saman motar tumatir ba ya ɗauka zama ne kawai. Ba zama ba ne, kokawa ce. Duk ramin da mota ta faɗa sai ka tashi sama ka dawo, rana na dukanka ta sama, tururin tumatir na dafa ka ta ƙasa. Kafin mu wuce Kaduna farar shaddar da na ce da ita zan tsaya gaban furofesoshi ta koma ja daga gwiwa zuwa ƙasa.

Kusa da Mokwa taya ta fashe. Muka sauka muka zauna a inuwar mota, ruwan tumatir na ɗiga a gefenmu. Kawu yana ta waya da mutanen kasuwa, fuskarsa a ɗaure, domin duk sa'ar da muka ɓata kayansa ne ke ruɓewa. Da ya gaji ya juyo ya ce, "Kai, ɗan nan, faɗa mini abin da zai kai ka ƙasar da ko uwarka ba ta san sunan garin ba." Na ɗauki tsinke na zana masa bishiyar a ƙasa, na yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To, in kwamfuta ta ce yau ruwan Malam babanka ne, mai gonar bakin ƙofa ya ce nasa ne, wa zai ci?" Na ce mai gonar bakin ƙofa. Ya yi dariya har da tari. Na ce, "Kawu, yanzu yana ci ne ba wanda zai iya nuna masa ƙaryarsa. Ina so ranar da zai ci, kowa ya ga nawa ya ci." Ya daina dariya, ya miƙo mini ɓarin goro, bai sake maganar ba.

Legas kuwa, a kasuwar kayan gwari sai ka rantse kana Kano. Hausa ta ko'ina, har da mutanen Kura da suka gane ni. Na yi wanka a gidan wanka na kuɗi, na wanke shaddar, jan bai fita ba, sai dai ya koma ruwan hoda. Kawu ya kai ni wajen wata Bayarabiya muka ci amala, baƙin tuwo mai santsi da miyar ganye mai yauƙi. Ni da na saba da tuwon da za ka yanka ya tsaya, wannan kafin ka kai baki ya zame. Amma na cinye. Washegari ya raka ni tasha, ya damƙa ni ga direban motar da ke zuwa Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, ya ce masa, "Ɗan 'yar'uwata ne, malami ne, amma taurin kai gare shi."

Tsakanin Legas da Gana sai ka ratsa ƙasa biyu, Benin da Togo, kowace iyaka da nata layin da nata tambarin. Ba zan faɗi a wace iyaka abin ya faru ba. Na dai miƙa fasfo da katin rigakafi, komai daidai. Wani jami'i ya dubi ledar da na rungume ya ce in buɗe. Na warware darduma, ya ga laftof, ya ce in kunna. Hoton bishiyar kanal ya fito, da layuka ja da shuɗi.

"Taswirar ina ce wannan?"

"Ta magudanar ruwan gonakinmu ce, yallaɓai."

"Me ya sa kake ɗauke da taswira kana tsallaka ƙasashe?"

Na nuna masa saƙon gayyata a waya, na yi masa bayani da Turanci gwargwadon iyawata. Ya ce abin na buƙatar bincike, binciken kuma zai iya kai wa gobe, sai dai in na san yadda zan sauƙaƙa wa kaina. Na gane sarai. Direbanmu ya matso ya raɗa mini cewa in ba shi wani abu mu wuce, haka ake yi. Na ce ban yi laifi ba, ba zan sayi laifi ba. Fasinjoji suka fara surutu, wata mata ta zage ni da yaren da ban sani ba, amma zagi ba ya buƙatar tafinta. Daga ƙarshe direba ya sauke mini jakata, mota ta tafi ta bar ni.

Ba zan ce ban ji tsoro ba. Na ji. Amma na samu benci daidai ƙofar ofishin na zauna, na buɗe dambun Rabi ina ci ina kallonsa. Duk wanda ya zo wucewa sai ya dube ni ya dube shi. Azahar ta yi na shimfiɗa dardumar a nan na yi salla. La'asar ta yi na sake. Can wani babba a cikinsu da ya ga na zame musu kayan ado ya tambayi abin da ya faru. Ya dubi taswirar ya ce, "Noma ne wannan?" Na ce noma ne. Ya rufe laftof ɗin da kansa ya miƙo mini, ya yi mini nuni da hanya. Wancan na farko bai ɗago kai ba.

Daga nan sai na koma bin ƙananan motoci, daga wannan gari zuwa wancan. Faransanci ko sannu ban iya ba, da hannu nake ciniki. Abin da ya fi ba ni mamaki a ƙasashen nan biyu shi ne mata a kan babur, su ke tuƙa kansu, da goyo a baya da kaya a gaba, ba mai ko kallonsu. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa na yanka dasashi. Amma duk inda na ga mai suya ko mai gyaran takalmi, in na yi sallama da Hausa sai a amsa. A Lome wani mai sayar da agogo ɗan Maraɗi ya kai ni masallacin unguwarsu na kwana.

Gana ta karɓe ni da wa'azi. Motar da na hau zuwa Kumasi ba ta bar tasha ba sai da wani mutum ya miƙe da littafi a hannu ya yi ta yi, mutane na amsawa. Da ya gama wani ya tashi da tallan maganin basir, da irin muryar da irin ɗaga hannun. A hanya na ga manyan alluna da hotunan mutane suna murmushi, na ɗauka 'yan takara ne. Na tambayi na kusa da ni wane zaɓe za a yi, ya ce ai matattu ne, sanarwar jana'iza ce. Ya ce gawa kan yi watanni a sanyi kafin dangi su haɗu a yi biki. Muka wuce wani gari ana irin wannan bikin, mutane cikin ja da baƙi, da kiɗa da rawa da rumfuna. Na ce masa mu a wajenmu wanda ya rasu da hantsi, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta. Ya zaro ido ya ce, "Ba ku son mutanenku ne?" Na ce son ne ya sa muke sauri. Kowa ya dubi ɗan'uwansa da tausayi, muka bar maganar.

A jami'ar, matar da ke rajista ta ga sunana a cikin masu gabatarwa, ta ba ni katin rataya a wuya. Da na tambayi masauki sai ta ce ɗakunan na waɗanda makarantunsu suka rubuto ne. Ta dubi shaddata mai ruwan hoda, ta dubi ledata, ta ce cikin tausayawa ko zan kira shugaban sashenmu ya aiko da saƙo ko ta waya ne. Na ce a'a, na gode. Na fita na tari mota na ce a kai ni Zango.

Zango ita ce unguwar Hausawa da sauran Musulmi baƙi, kuma ta girmi kakan kowa a cikinta. Na yi sallar magariba a wani masallaci, liman ya ji daga inda nake, sai ya ce, "Kano? Wane gari?" Na ce Bunkure, kusa da Kura. Ya kama hannuna bai saki ba sai a ƙofar wani dattijo mai suna Alhaji Sidi, tsohon ɗan kasuwar goro.

Alhaji Sidi bai taɓa taka Najeriya ba. Amma kakansa daga Kura ya zo, da jakuna ɗauke da turkuɗi, wato rinannen zane mai sheƙi, da baƙaƙen rawuna, ya sayar ya sayi goro, ya yi ta kai da kawowa har wata shekara ya zauna bai koma ba. Da ya ji sunan Kura sai ya sa aka share mini ɗakin baƙi. Hausarsu ta ba ni dariya da farko, don ba su raba mace da namiji. Ya ce, "Matana ya dafa abinci, ka ci." Na waiga ina neman wane namiji ne matar. Abincin kuma shinkafa da wake ne, sun dafa da karan dawa ya yi ja, suna kiransa wace, wato waken namu ne bakinsu ya lanƙwasa. Da safe ga koko da ƙosai, har waɗanda ba Hausawa ba da sunan suke kiransu.

Ya yi ta tambayata. Marinar Kura tana nan? Har yanzu ana jin bugun rinannun kaya daga nesa? Na faɗa masa gaskiya, cewa rinin ya ja baya ƙwarai, yanzu ƙarar injin casar shinkafa ce ta cika garin, kuma ruwan dam ya mayar da ƙasar kore har da rani. Sannan ya lissafo mini zangunan da kakansa ke yada zango a hanya, kamar yadda ya ji a bakin mahaifinsa. Wasu sunayen na san su, don na haddace su saboda gwajin tarihi. A ranar nan ce ma masu kwas ɗin ke zaune a Kano suna rubuta gwajin a kan fataucin goro, ni kuma ina zaune a tabarmar jikan mai fataucin ina shan kokonsa.

Ana gobe zan yi gabatarwa, na zauna a farfajiyar zauren taron ina duba aikina. Wata ɗaliba 'yar Gana ta tsaya a bayana tana kallo. Sunanta Akosuwa, injiniyan ruwa take karanta. Ta tambaye ni ƙananan magudanan namu na siminti ne ko na ƙasa. Na ce na ƙasa. Ta ce, "To lissafinka ba zai yi ba."

Raina ya ɓaci. Na yi tafiyar nan duka don in tsere wa wannan maganar, ga ta ta riga ni zuwa. Na ce mata ita ta taɓa ganin kanal ɗinmu? Ta ce a'a, amma in biyo ta. Ta kai ni ɗakin gwajinsu, inda suke da wani dogon kwami cike da yashi. Ta buɗe famfo a kai ɗaya. Muka tsaya muna kallo ruwan na rarrafe, yashi na shanye shi, ya daɗe kafin ɗigo ya isa ɗaya kan. Ta ce, "Manhajarka tana tsalle daga wannan reshe zuwa wancan tana bin mai ƙishi. Duk tsallen da ta yi, sai busasshiyar magudana ta sha nata tukuna. Rabin ruwanka a hanya zai ƙare."

Gaskiya ta faɗa. Abin haushin shi ne na san wannan tun ina yaro, na sha bin bakin ruwa da ƙafa ina jiran ƙasa ta ƙoshi. Amma a littafin aji layin da ke haɗa ɗigo da ɗigo a zane ba ya shan komai, ni kuma na kwafo shi yadda yake. Na ce mata na gode, ko da yake da ƙyar ta fito. Muka koma farfajiya. Ta ba ni lissafin yadda ƙasa ke tsotsar ruwa, ni kuma na sa wa kowace magudana nata kason, na canza tsarin yadda in ruwa ya shiga reshe sai ya gama da masu ƙishin wannan reshen kafin ya fita. Duk jawaban ranar ban ji ko ɗaya ba. Sai da rana ta yi sanyi manhajar ta daina kawo shirme. Sakamakon bai kai na da kyau a ido ba, amma wannan na gaskiya ne.

Washegari na tsaya gaban zaure da shaddata mai ruwan hoda. Wanda ya riga ni ya zo da kwat, aikinsa kan tsara jiragen sama. Turancina ya yi ta sarƙewa a farko. Da na ga haka sai na daina kallon takarda, na nuna musu hoton gonarmu ranar da aka sako ruwa, da hoton gonar bakin ƙofa a rana ɗaya. Daga nan bakina ya saki. Na faɗi kuskuren da aka nuna mini jiya, na kira sunan wadda ta nuna.

Da aka zo tambayoyi, wani furofesa mai furfura a layin gaba ya karɓi abin magana. Ya ce, "Abu biyu. Na ɗaya, wannan matsalar tsara layi ce, an warware irinta tun kafin a haife ka. Na biyu, jadawalin da manomi ba zai bi ba takarda ce kawai. Mene ne sabo a nan?"

Na ji irin zafin da na ji a gaban kwamitinmu, amma wannan karon ban tattara takardu ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, na yarda an warware ta. Amma ban ga inda aka kawo maganin ƙauyenmu ba. Tun ina yaro ake sako ruwan nan, har yau mahaifina yana tsayawa a busasshiyar gona. In akwai wanda ya riga ni, a nuna mini shi in bi shi. In babu, to ni ne. Batun bin jadawali kuma, ba na cewa kwamfuta za ta hana mai ƙarfi kwasar ruwa. Amma yau in ya kwasa cewa yake ruwan ne bai isa ba. Ina so in iya tsayawa a taron manoma in nuna cewa ya isa."

Ya ce, "Wannan amsar ɗan siyasa ce, ba ta masanin lissafi ba."

Na ce, "To ga lissafin a shafi na gaba, a duba shi." Na buɗe, ya sa tabarau, ya yi mini tambayoyi masu wuya a kan tsawon lokacin da manhajar za ta ɗauka in gonaki sun yi yawa. Biyu na amsa, ɗaya na ce ban sani ba.

Ban ci kyauta ba, masu cewa mota su ji. Wasu 'yan mata biyu daga Senegal ne suka ci, da aiki kan rabon gadaje a asibiti, kuma sun cancanta. Amma a bakin ƙofa furofesan ya tare ni. Ya ce, "Har yanzu ban yarda da kai ba. Ka gwada a reshe ɗaya na kaka guda, ka auna ruwan da ya isa gonar ƙarshe, ka aiko mini. In na ga lamba zan yarda." Na ce zai gani.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Alhaji Sidi ya cika mini leda da goro ya ce in kai wa mahaifina, ya roƙe ni in ɗauko masa hoton ko da rijiyar rini ɗaya ce a Kura, kuma na aika masa. Iyakokin nan na wuce su lafiya. Daga Legas na hau motar tumatir da ta sauke kaya, wannan karon a cikin kwandunan wofi na kwanta, na yi barcin da ban yi ba tun tafiyata.

Ranar Litinin aka ce Dakta Mustafa na nemana. Na same shi da takardar sakamakon gwajin tarihi a gabansa. Bai ce in zauna ba.

"An ce ka yi jawabi."

"Na yi, ranka ya daɗe."

"Ka ci wani abu?"

"Ban ci ba."

Ya gyaɗa kai kamar dama ya sani. Ya ce ba ni da makin gwaji, kuma malamin tarihi ba ya sake wa kowa, don haka sai baɗi. Sannan ya sassauta murya. Ya ce shi ba ƙina yake ba, mai jarrabawa daga waje yake tsoro, wanda zai iya kayar da ni a kan aikin da ba a saba gani ba. Ya ce in na karɓi manhajar sakamakon ɗalibai yau, zai je da kansa ya roƙi malamin tarihi, in fita tare da 'yan ajinmu. In kuwa na nace, to gwajin da nake son yi a gona sai an shiga noman alkama, wato shekara guda ke nan ta ƙaru a kaina, da iyali, da komai.

Na yi tunanin Rabi, don ita za ta ɗauki nauyin shekarar fiye da ni. Amma mun riga mun yi maganar da ita tun ranar da na dawo, ita ce ma ta ce in na canza aikin kada in ƙara ba ta labarin Kumasi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na gode da kulawa. Zan ƙara shekarar."

Ya sa tabarau. Sannan ya jawo aikin nawa daga ƙarƙashin tarin takardu, ya buɗe shafi na biyu, ya karanta, ya buɗe na uku. Bai ce ya yi kyau ba. Ya ɗauki jan biro ya zagaye wani layi ya ce in gyara shi kafin Juma'a. Na karɓa na juya zan fita.

"Malam Nasiru," in ji shi. "Ka san kwas ɗin tarihin nan da yara 'yan shekarar farko za ka zauna? Wasu ka haife su."

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe. A layin gaba zan zauna."